Ranar Da Tozai Ta Yi Zaman Makokina

Duk sadda matasan 'yan wasa suka tambaye ni inda na koyi sana'a, nakan ce musu a kwalejin horar da malamai, don amsar ta fi cika baki. Ƙarya nake yi. A bakin murhun kakata na koye ta, a Tozai ta ƙasar Isa, tun ban san akwai wani abu wai shi dandamali ba. Na yi wasa a gaban jama'a, na yi a talabijin tun tana baƙi da fari, na yi fina-finai har na daina lissafi, amma har yau ban haɗu da wanda ya kai tsohuwar nan iya sauya murya ba.

Tumba sunanta, amma kowa Kaka yake ce mata, har limamin gari. Ita ta haifi mahaifiyata. Mahaifiyata ta zo gida wankan jego, ta rasu ko arba'in ban yi ba. Mahaifina, wanda ke kai kaya Nijar ta Sabon Birni, bai daɗe ba ya bi ta. Sai na tashi a ɗakin Kaka. Da yake mahaifiyata 'yar fari ce, Kaka ba ta faɗin sunanta, ba ta yin zancenta, ni ma ban taɓa ganin fuskar tambaya ba. Abin da na samu a madadin haka tsokana ce. Angona take ce mini, ta ce ita dai ta yi asarar aure, ta auri mai manyan kunnuwa wanda bai san komai ba sai lashe tukunya.

In an gama girbi gero ya shiga rumbu, kara yakan yi yawa a gida. Ana idar da sallar isha'i sai ta tura kara a murhu, ta binne mana gyaɗa a toka mai zafi, ta jawo mazarinta da auduga. Mu jikoki da 'ya'yan maƙwabta mu kewaye ta, muna ture juna don kowa ya samu kusa da wuta. Tana da nata salon buɗe tatsuniya. Takan ce, "Ga ta can tahe bisa jaki." Mu amsa, "Ta sauka ta sha ruwa." Daga nan kuma ba ka sake ganin Kaka. In kura ce ke magana sai haɓarta ta sauko, muryar ta fito daga ciki. In sarki ne sai ta dafe ciki ta yi magana ta hanci. Ko tashi daga zaune ba ta yi, wuya da ido kawai take juyawa, hasken wuta yana kama tsagen Gobir da ke kumatunta.

Tana da wata doka guda. Duk wanda ya mutu a cikin tatsuniya, sai ta tsayar da mazari, ba za ta ci gaba ba sai mun ce Allah ya jiƙansa. Wata rana kura ta faɗa rijiya ta mutu, na ƙi faɗa, na ce ai kura ce.

Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Angona, ita kura daga sama tah hwaɗo? Ba ta da uwa?"

Na yi wa kura addu'a a dole, sauran yara suna ta dariya.

A cikin tatsuniyoyinta akwai wadda ba na so, ita kuwa kamar da gayya duk shekara sai ta maimaita ta. Wani manomi ne mai rumbu bakwai, yana zaune da tsohuwar uwarsa. Kowa yana gaishe shi yana yi masa kirari, sai zuciyarsa ta raya masa ya gwada ya ga wa ke son sa da gaske, wa ke son geronsa. Ya kwanta ya lulluɓa, ya sa amininsa ya shelanta wa gari ya mutu. Jama'a suka cika gida. Yana kwance yana saurare, yana jin wanda ke kuka da wanda ke tambayar wa zai gaji rumbuna. Uwarsa kuwa ba ta yi kururuwa ba. Ta zauna a gefen kansa ta ɗaga hannu ta ce, "Allah, kai ka ba ni, ga shi na maido maka." Da aka zo ɗaukarsa sai ya yaye mayafi ya tashi yana dariya. Mutane suka watse, daga baya suka dawo ana ta mamaki. Ya je gaban uwarsa ya durƙusa ya ce wasa ne. Ta dube shi ta ce, "Sannu, baƙo." Tun daga ranar tana dafa masa tuwo, tana kai masa ruwa, amma ba ta sake kiran sa ɗanta ba har ta bar duniya.

Kullum sai na yi gardama. Na ce ai murna ya kamata ta yi tunda ɗanta ya dawo. Kaka takan ce, "Ci gyaɗakka, ba ka kai ba tukuna." Sai ta ce tatsuniya ta hau jakinta ta yi gaba, kowa ya tafi ya kwanta.

Na girma na tafi Sakkwato karatu. A can na shiga ƙungiyar wasan kwaikwayo, na ga ashe abin da nake yi wa yara a Tozai, in kwaikwayi tafiyar mai gari da tarin ladan, sana'a ce har ana tafa wa mutum. Daga dandamalin makaranta aka ɗauke ni a talabijin. A wancan zamani ba a rubuta mana magana. Mai shiri zai faɗi yadda labari zai tafi, kowa ya zuba abin da ke bakinsa. Don kada a rikice, mu ƙanana da sunayenmu na gaskiya muke fitowa. Ni Garba ne a gida, Garba ne a akwatin talabijin.

Babban matsayi na farko da aka ba ni shi ne na wani saurayi da ciwo ya kashe. Kaina ya kumbura. Na yi mutuwar nan da dukan ƙarfina, na yi shure-shure, na kama ƙirji, na bar wasiyya mai tsawo. Aka naɗe ni a likkafani, aka sa ni a makara, aka jera sahu. Mai shiri ya ce bai taɓa ganin mutuwa irin tawa ba. Ko sau ɗaya bai zo mini a rai in aika gida ba.

A duk Isa a lokacin talabijin ba ta fi a ƙirga da yatsu ba. Wani attajiri yakan fito da tasa ƙofar gida jama'a su taru. Ranar da aka nuna wasan, Labbo mai kanwa, mutumin Tozai, ya dawo daga fatauci ya tsaya ya leƙa. Bai ga farko ba. Abin da ya tarar shi ne fuskata ana rufe ta, wani dattijo yana cewa Allah ya jiƙan Garba. Shi a saninsa akwatin nan labaran gwamnati yake faɗa, kuma Musulmi ba ya shiga likkafani da ransa. Rashin sani ya fi dare duhu. Bai tambayi kowa ba, ya kora jakunansa ya kai labari gida.

Aka shimfiɗa tabarmi. Aka zo gaisuwa daga Isa, dangin mahaifina suka zo daga Sabon Birni. Ranar sadakar uku aka yi gumba aka raba, sannan aka tura Kawu Shehu, ƙanin mahaifiyata, ya zo Sakkwato ya ga kabari ya kwaso kayana. Mai gadin gidan talabijin ya ce masa, "Garba? Yanzu ya wuce wajen mai fura." Can ya same ni da ludayi a baki. Ya tsaya yana kallona, sai ya zauna a ƙasa.

Daga zaunen ya ce, "Tashi mu tahi. Yau kwana ukku tsohuwa ba ta sa komi bakinta ba."

Muka hau mota zuwa Isa. Manomin nan mai rumbu bakwai nake ta tunawa. Ban yi don gwada kowa ba, amma tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Tsoro nake ji, tsoro na gaske, kada in durƙusa a gaban matar da ta raine ni ta ce mini sannu baƙo. Ba ni da uwa ba ni da uba, in ta sallame ni ban san ɗan wa zan zama ba.

Mun shiga Tozai da la'asar. Matan da ke tsakar gida suka watse, wata ta bar takalminta. Kaka tana zaune a ƙofar ɗakinta da carbi. Ta rame a kwana ukun nan har tsagen fuskarta ya zurma. Na durƙusa na gaishe ta. Ta daɗe tana kallona.

Ta ce, "Kwana ukku ina ba Allah kai. Yanzu ƙaƙa za ni ce mai shi maido?"

Ta tashi ta shige ɗaki. Ba ta ce Angona ba, ba ta ce baƙo ba. Na zauna a wurin har aka kira magariba, ba wanda ya iya ce mini in tashi.

Bayan isha'i sai na ji tana tura kara a murhu. Yaran gida, waɗanda aka haifa bayan na tafi, suka taru kamar yadda muke yi. Na raɓe daga nesa. Ta ɗauki mazari, ta ajiye, ba ta buɗe tatsuniya ba.

Ta ce, "Kai mamaci, taho nan. Gwada muna yadda kam mutu."

Na ɗauka ba'a ce, amma fuskarta ba wasa. Na kwanta a gaban wuta na yi duk abin da na yi a talabijin, shure-shuren da kama ƙirjin da wasiyyar. Yara suka ƙyalƙyale. Ita ko murmushi ba ta yi ba.

Ta ce, "Wanga shirme na anka tayar muna da gari don shi? Ba haka a ka mutuwa ba. Mai mutuwa bai san da masu kallo ba." Ta mayar da ido kan wuta. "Uwakka, nan cikin ɗakin ga, ba ta yi ko ɗaya cikin waɗanga ba. Kana kwance gehenta, zane ya zame daga ƙahwakka. Tam miƙa hannu ta ruhe ka, hannun bai kai ba. Ni nik ƙarasa mata."

Ranar ce ta farko da na ji yadda mahaifiyata ta rasu, kuma Kaka ba ta sake tayar da zancen ba. Ina kwance a ƙasa na yi kukan da ban taɓa iya yi a gaban kyamara ba. Ta bar ni na yi mai isata, sannan ta tono gyaɗa daga toka ta tura mini.

Ta ce, "Tashi, Angona. In sana'akka ta, ka yi ta da kyau. Amma duk randa za ka mutu, ka aiko a hwaɗa min tun da wuri."

Na kuwa riƙe wannan. Na mutu a wasa sau da yawa bayan haka, da takobi, da guba, da tsufa, kuma kowane karo sai na je tasha na ba wani direban motar Isa saƙo, in ce a gaya wa Kaka za ni mutu ran Alhamis. Direban har ya saba, in ya hango ni sai ya ce, "Yaushe ta kuma?" Masu yabon yadda nake mutuwa a fim, ba hayaniya ba wasiyya, ba su san daga inda na samo ba.

Direban nan ne dai ya zo ya same ni wata safiya a wurin ɗaukar fim, ya cire hula ya ce Kaka ta cika, har an kai ta. Na riƙe hannunsa na ce, "Ka gani da idonka, ko hwaɗa maka anka yi?" Duk hanya ina fatan wani Labbo ne ya leƙa bai ga farko ba. Na zauna a tabarmar makoki kwana uku ina duban ƙofar ɗakinta.

A kan tabarmar nan na gane uwar manomin da na yi shekaru ina jin haushinta. Ba fushi ne ya hana ta karɓar ɗanta ba. Ta riga ta ɗanɗani bayar da shi, ta san in ta sake ce masa ɗana, wata rana za a iya cewa ta sake bayarwa, ita kuwa ba ta da ƙarfin yi sau biyu. Kaka ta san wannan fiye da kowa, ta ba da 'yarta, ta ba da ni, amma da na dawo ta buɗe hannu ta karɓe ni. Yanzu na yi furfura, ina da jikokin da ke ja mini gemu. Ita kwana uku ta yi ta iya ba Allah ni. Ni har yau ina cewa Allah ya jiƙanta, amma ban gama ba da ita ba.