Na'urar da Ba Ta Gaskiya Sai Bayan Azahar

Har gobe ba zan manta da ranar da na'ura ta kusa mayar da ni ƙauyenmu ba. A bazarar bara ne, ina koyon aiki a sashen lantarki na wata masaƙa a Challawa, ƙarƙashin Malam Sabo.

Ga wanda bai sani ba, a tukunyar rini akwai 'yar waya mai jin zafi. Ita ke mayar da zafin ya zama ƙarfin lantarki ɗan mitsitsi, sai wani allo ya karanta shi ya fitar da jajayen lambobi. Lambobin nan masu rini ke bi. Ni kuwa na liƙe allon da dalma kwanan baya.

Kwatsam lambobi suka haukace. Yanzu su ce ruwa ya tafasa, anjima su ce ƙanƙara ce. Yadi ya fito da launin da ko hawainiya ba ta san shi ba. Manaja ya nuna ni da biro: "Malam Sabo, in ba ta gyaru gobe ba, yaron nan ya kama hanya."

Malam ya ɗora mita a kan wayar, ƙarfinta daidai. Ya duba liƙina, lafiya lau. Muka canza ƙwayar da ke lissafin, haukan ma ya ƙaru. Gumin da na yi ya isa a rina bandir guda.

Muna dawowa daga Azahar sai muka tarar lambobi sun nutsu kamar sababbin tuba. Wani mai rini ya ce, "Aljanin ciki Musulmi ne."

Washegari da safe hauka ya dawo. Na ce, "Malam, kun lura ba ta gaskiya sai an yi salla?"

Malam ya ce mini, "Ilu, rufe mana baki." Sai ya yi turus. "Kai, ina wayar ƙasa ta bi?"

Wayar da ke zubar da ɓataccen lantarki cikin ƙasa yake nufi. Muka bi ta da gudu har bayan katanga. Ga ƙarfen da aka kafa mata, daidai inda ma'aikata ke alwala! Ƙasar ta bushe ƙayau, ba ta janye ɓataccen lantarkin injuna daga allon sai ruwan butoci ya jiƙa ta.

Malam ya ce, "Zuba!" Na juye buta, na ƙara wata. Daga ciki aka kwarma ihu: "Ta nutsu!" Tsallen da na yi, saura kaɗan in gaisa da jirgin sama.

Muka haƙa rami mai zurfi, muka zuba gawayi da gishiri don su riƙe danshi, muka ɗaure wayar tamau. Manaja ya zo, ya kalli lambobi, ya mayar da bironsa aljihu.

Abin da na koya shi ne, kafin a zargi allo ko wanda ya liƙe shi, a bi waya har ƙasa. Ban koma ƙauye ba, amma har yau masu rini Ladanin Tukunya suke kirana.