Rigar Bara ta Ƙwayar Zazzaɓi

Ina tsugune a bayan gidanmu a unguwar Television, ina rufe shukar ganyen miya na ugu da gidan sauro saboda kaji, sai ƙanen matata ya shigo ba sallama. Ya ce motar da 'yarmu ta shigo daga Abuja ta yi hatsari. Ya ce ba ta tsira ba. Gidan sauron nan ita ta saya, don mu riƙa kwana a ciki.

Aikinta bincike ne a kan ƙwayar zazzaɓin cizon sauro. Ni daga firamare masaƙa na shiga, amma a unguwa na naɗa kaina masanin zazzaɓi. Nakan ce a bakin kogin Binuwai na tashi, jinina ya san cutar, ba ta iya mini komai. Duk damina kuma sai na kwanta.

"Baba, rigarta ta bara jininka ya sani," in ji ta wata rana, tana miƙo mini magani. "Riguna da yawa gare ta a cikin halittarta. Ɗaya take sa wa ƙwayar jinin da ta shiga, ta kulle sauran. Kafin jiki ya gane wannan, ta buɗe wata."

"Ashe ɓarauniya ce."

"Sha maganinka, Furofesa."

Ranar jana'iza fasto ya ce, "Baba, gaya wa jama'a aikin da take yi." Abokan aikinta na zaune a layin gaba. Rabin cocin sun ɗauka allura take yi wa mutane, kuma ban so a binne ta a haka.

Na miƙe. Na ce a masaƙa muna da zanen atamfa kala-kala a sito, ɗaya ake ɗorawa a inji, sauran a kulle, haka ƙwayar take. Daga nan hanya ta ɓace mini. Na ji kaina ina bayanin rini, da yadda ake wanke inji, da zafin ɗakin guga. Sai da matata ta ja mini gefen riga na zauna.

A waje wata abokiyar aikinta ta durƙusa ta gaishe ni. "Baba, farkon daidai ne."

"To wa ke buɗe siton, 'yata? Wa ke cewa yau wannan za a ɗauko?"

Ta ce an gano wasu daga cikin makullan, ba duka ba. Ta ce a kan wannan marigayiya take aiki, kuma ba ta gama ba.