Ruwan Goro a Bangon Tasha

Maigidana ya yi aikin jirgin ƙasa a Ƙaura Namoda tun yana saurayi har furfura ta fito mishi. Da ya aje aiki muka dawo Birnin Kebbi muka zauna unguwar Badariya, inda ko kukan jirgi ba a ji. Nan ciwon shanyewar jiki ya same shi. Ƙafa ta dawo, baki ya dawo, hannun dama ya ƙi. Likita ta ce hannun bai mutu ba, mai shi ne ya daina aikensa, kuma in aka bar shi haka bushewa zai yi. Malam, maigidan nawa, ya ce a bar shi ya bushe.

Babban ɗanmu ya zo daga Kaduna da wani kwali. Gutsattsarin roba ne a ciki, bango daban, rufi daban, tagogi kamar farcen jinjiri. In an haɗa da gam sai su zama tashar jirgi wadda za ta zauna kan faifai. Uban ko taɓa kwalin bai yi ba.

Ni na haɗa ta. Takardar ciki ba ta amfane ni ba, tunda ban yi karatu ba. Bakin kowane gutsure nake dubawa in nemo mishi ɗan'uwansa, yadda ake ɗinkin fasasshiyar ƙwarya. Malam yana kishingiɗe kan tabarma, ya dogara da gwiwar hannun hagu, wai shi ba ya kallo. Ni kuwa ina ganin wutsiyar idonsa. Da na gama na tura mishi ita gabansa, fes, tana ƙyalli.

Ya ce wannan asibiti ce. Tasha tana da dauɗa.

To, dauɗa ai ba ta gagare ni ba. Akwai makubar da ƙanwata ta aiko min daga Argungu don shafen daɓe. Na jiƙa kaɗan, na kawo toka, jar ƙasa da baƙin gindin tukunya, na ciro gashin kaza ya zama abin shafawa. Bango ya fara tsufa a hannuna. Sai bakin Malam ya buɗe: hayaƙi ta gabas yake, nan kan jirgi ke tsayawa, tsatsa kuma ƙarƙashin indararo take zuba. Duk inda ya ce, sai in sa a gefensa, da gangan. Yana tsaki ina jin daɗi.

Can ya tuna kusurwar benci, inda fatake ke jiran jirgi. Ya ce bangon nan ja wur yake da tofin goro. Ni da nake korar baƙo in ya tofa min goro a tsakar gida, na tauna goro na tofa cikin murfin kwalba. Na tsoma gashin, na wuce benci, na nufi wata 'yar koriyar ƙofa.

"Ke, mi za ki yi nan? Ofishina ne."

"Halan su fataken sun sani?"

"Wa ya isa ya tofa goro a ƙofata ina raye?"

Ban tsaya ba. Hagunsa tana ƙarƙashinsa, ba damar ɗagawa. Sai ga hannun dama ya taso daga cinyarsa, yana rawa kamar ganyen shinkafa a iska, ya cafke min wuyan hannu. Riƙon ba ƙarfi, amma riƙo ne. Ya zare gashin daga yatsuna.

Ya daɗe kafin ya kai kusurwar bencin. Hannun na kakkarwa, ruwan goron na fantsama ɗigo-ɗigo, wani sama wani ƙasa. Ya tsaya ya duba, ya ce haka yake, daidai.

Ban yi guɗa ba, ba halina ba ne. Murfin kwalbar na matsar can nesa ta damansa, inda sai ya miƙa sosai zai kai. Ya harare ni, ya miƙa.