Ƙurar injina da ɗiyar maƙwabcina

Shekarun baya, lokacin da zinari ya ɓulla a wajenmu can ƙasar Bukkuyum, ina da injin niƙa a bayan gida. Hatsi nake niƙawa. Da na ga abin da masu haƙa ke biya, sai na sallami mata da ƙorensu na gero, na koma niƙan dutsen zinari. A lokacin gani nake duk garin ba mai wayona.

Ƙura kuwa ba a magana. Katanga ɗaya ce tsakanin injina da gidan maƙwabcina, wani malamin allo da bai taɓa riƙe ko tsakuwar zinari ba. Inna ta sha ce mini, "Wagga ƙura taka har cikin randa take shiga." Ni kuma in ce mata ƙurar arziki ce.

Sai yara suka fara jijjiga suna shiɗewa. Muka ce iska ce, muka ce zazzaɓi ne. Da ma'aikatan gwamnati suka zo da likitoci, suka ce gubar dalma ce a cikin dutsen, kuma kowane inji ya bar gari.

Da aka taru a ƙofar maigari, ni na fi kowa ɗaga murya. Na ce, "Mai dutse ya yarda, mai saye ya yarda, ni na yarda. Mi yash shafi gwamnati da cinikinmu?"

Maƙwabcina na zaune gefe. Ya ɗago ya dube ni.

"Ɗiyata hwa? Da kunka yi cinikin, wa yat tambaye ta?"

Ashe da safen nan aka tafi da ita asibiti, 'yar shekara uku. Ƙarar injina ce ta hana ni jin kukan uwarta. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, kuma tsoro ya kama ni. Kafin la'asar na kwance injin da hannuna.

Ba zan wanke gwamnati tas ba. Ta makara, akwai gidajen da ta tarar an riga an yi zaman makoki. Amma da ta zo, an kankare ƙasar gidajenmu an zuba sabuwa, an ba yara magani. Mai sayen zinarinmu kuwa, ko sannu bai aiko ba. Har gobe ina son kasuwa, ita ke ciyar da ni. Na dai gane cewa ba ta jin muryar wanda ba ya wurin ciniki, dole wani ya tsaya masa.

Yarinyar ta kwana biyu a asibiti, Allah ya tashi kafaɗunta. Yanzu ta girma, ita ke biya wa ƙananan mata karatu a makarantar babanta. Ni ma na sayi sabon inji, na koma kan gerona.

Duk ranar da ta kawo niƙa sai ta ce na cika tsada, ta tsaya ta ja ciniki da ni. Ba na gardama. Ina tsayar da injin, in saurare ta har ta gama.