Barkonon Inna a Kasuwar Ose

Akwai mutanen da sunan Allah ba ya barin bakinsu, amma in ka zauna da su kwana biyu sai ka gane ba Allah suka dogara da shi ba, taurin kansu ne kawai suka naɗa wa rawani. Yayana, ɗan wan mahaifina, yana cikinsu. Na raina shi har yau, kuma ba zan ɓoye ba.

Na daɗe ina sayar da albasa da barkono a Kasuwar Ose a Anacha kafin ya taɓa taka ƙasar kudu. A shekarar da nake magana, yanar ido ta rufe wa mahaifiyata ido ɗaya, ɗayan ma ya fara hazo. Likita ya ce sai an yi aiki. Ni kuwa a lokacin ko abin da zan ci da iyali da ƙyar nake haɗawa, don motar albasata ta lalace a hanya ta yi kwanaki, kayan suka ruɓe. Inna ba ta jira ni ba. Ta noma barkono a ɗan filin bayan gida, ta tsince da hannunta, ta shanya, ta adana har ya yi daraja. Buhu biyu ta samu, kuma da su za a yi mata aikin idon. Da ta ji Yaya zai kawo nasa barkonon kudu, sai ta haɗa masa da nata.

Ya sauka daga mota da babbar riga da doguwar carbi, yana kallon kasuwar yana yatsina kamar an kai shi bakin masai. Kafin ya sha ruwa ya fara yi mana wa'azi. Wai mun daɗe a kudu imaninmu ya yi tsatsa, wai ya ga kowa da kwaɗo a ƙofar rumfa, ina tawakkali? Mutumin da ya kwana a kan buhunansa tun daga gida don kada yaran mota su ɗebi ko tafi guda!

Da muka kwance kayan sai na ga matsala. Ruwa ya ɗan taɓa su a hanya, barkonon ya yi laushi. Matan da ke saye a Ose kuwa ba sa wasa, sai sun damƙa sun ji yana ƙaras-ƙaras a hannu, in ba haka ba su wuce. Dole a sake shanya shi. Mu a nan muna da yadda muke yi: kaɗan-kaɗan, a kan rabin tampol, ɗaya rabin a naɗe a gefe, mutum yana tsaye a kai, da an ji ɗigo a ja a rufe. Na yi masa bayani a hankali, cikin ladabi, kaina a ƙasa.

Ya yi dariya. Ya ce tun ban san hannun damana ba yake shanya barkono. Washegari da hantsi ya sa masu baro suka kwashi kayan duka zuwa filin da motoci ke sauke kaya, ya baje su a kan tsofaffin buhuna, jawur, kamar a masussukar ƙauyenmu. Na Inna ya ware shi a gefe guda. Na roƙe shi ya bar min wannan kaɗai in shanya a rumfata. Sai ya ɗaga murya don mutane su ji, ya ce amana a hannunsa Inna ta ba, da ta ga na isa da ni ta aiko wa.

Na haɗiye. Bayan ɗan lokaci na sake komawa da tampol a kafaɗa, na ce Yaya watan biyar muke ciki, a gida ne ake bazara, nan damina ta riga ta zauna. Ya juya ya fuskanci gabas, ya kare ido da tafin hannu, ya daɗe yana dubawa kamar mai neman jinjirin wata.

"Dubi gabas, fes take," ya ce. "Ruwan daga aljihunka zai fito?"

A nan ne jahilcin yake. A gida hadari daga gabas yake haɗowa, ya yi baƙi, ya turo iska da ƙura, ya ba ka lokacin kwashe shanya har ka kora awaki. Duk wanda ya tashi a arewa haka wuyansa ya saba juyawa. Ruwan Anacha kuwa ba ya sallama. Sau da yawa ta wajen kogi yake tahowa, wato ta bayan ƙeyar mai kallon gabas, rana tana haske ka ji shi a kanka. Na faɗa masa haka. Ya ce in ji tsoron Allah, ruwa ba ya sauka sai da izini, shi ya miƙa kayansa ga Mai sama, ba ga ledar Bature ba. Mutanen da ke wurin suka yi murmushi, wani har da cewa Malam ya yi gaskiya.

Su ma ban yafe musu ba. Dattawan layinmu ne, wasu sun fi shekara talatin a garin, sun san abin da ke tafe sarai. Ina kallonsu ɗaya bayan ɗaya suna jan buhunansu cikin rumfa a sace, suna gyaɗa wa Yaya kai. Na je wurin babbansu na ce ya sa baki. Ya ce ai babba ne kuma baƙo, ba a kunyata baƙo, in yi haƙuri. Kunyar banza da wofi. Sun gwammace idon tsohuwa ya tafi da a ce sun gyara wa mai babbar riga magana.

Wajen azahar maƙwabciyata, wata Inyamura mai sayar da busasshen kifi, ta fara tattara kayanta. Ita ba ta duban sama ma, jikinta ne ke gaya mata. Ta leƙo ta ce min da Turancin buroka ruwa na zuwa, in gaya wa ɗan'uwana. Na gaya masa. Ya ce yanzu kuma mace mai kifi ce malamata.

Aka kira salla. Ina tsaye da tampol a hannu, tsakanina da barkonon Inna bai fi taku ashirin ba, Yaya kuma ya riga ya juya baya ya tafi alwala. Da na je na rufe, ba abin da zai faru sai ya zage ni a gaban mutane karo na huɗu. Amma zuciya ta ci ni. Na wurga tampol ɗin cikin rumfa na ce a raina, bari ya gani da idonsa. Wannan ni na yi shi, ba Yaya ba, ba dattawa ba.

A ɗan masallacinmu na kwano limamin bai zo ba, sai suka tura Yaya gaba, tunda shi ne baƙo mai Larabci a baki. Ina sahun farko, daidai bayansa. A raka'a ta biyu na ji ɗigon farko a kan kwano, tas, tas, sai kuma kamar an juye tsakuwa. Wallahi bai rage komai ba. Ya ja ruku'u, ya ja sujada, ya zauna tahiya kamar wanda aka biya ya nuna mana yadda ake yi. Ni ban san abin da na karanta ba a sallar nan, Allah ya yafe min. Yana sallama ya ɗaga hannu zai fara doguwar addu'a, ni kuwa na tsallake mutane na fita ba takalmi.

Filin ya zama tafki. Barkono yana yawo a kan ruwa yana bin kwata, ja a kan baƙin ruwa. Mai kifin nan na tarar a ciki har gwiwa, tana tare na Inna da faranti, ita da masu baro biyu da ba wanda ya sa su. Muka kwashi abin da ya kwasu. Kwana uku rana ba ta fito ba, na huɗu da ta leƙo kayan sun riga sun yi fumfuna, sun yi baƙi, suna wari.

Yaya bai zubar da hawaye ba, bai kuma ce ya yi kuskure ba. Ya zauna a benci yana jan carbi yana karɓar jaje kamar wanda ya dawo daga yaƙi. Kowa ya zo sai ya ce masa haka Allah ya ƙaddara, mumini ba ya jayayya da hukunci. Har ni ya kira ya yi wa nasiha a kan haƙuri, don ya ga fuskata a murtuke. Allah ya aiko masa da tampol har inda yake tsaye, ya aiko masa da wanda ya san garin, ya aiko da mai kifi, duk ya kore su, sannan ya juyo ya ɗora wa Allah. Ni dai a ganina kulawar Ubangiji ba da tsawa take zuwa ba, irin waɗannan ƙananan abubuwan ce, kuma rashin kunya ne mutum ya ture su ya kira abin tawakkali.

Shi ya riga ni kiran Inna a waya, ya yi mata nata wa'azin. Ni sai da na kwana biyu kafin na iya. Na gaya mata komai, har da tampol ɗin da na wurgar. Na so ta zage ni. Sai ta tambaya ko akwai barkonon da bai ruɓe har ciki ba.

"Ka fasa ka cire min 'ya'yan, ka shanya a inuwa ka aiko," ta ce. "Irin mai kyau ne. Wanda ya ba ni bana yana nan."

Na ce Inna, idon fa?

"Ina ganin hasken ƙofa. Ya ishe ni in sami buta."

Na zauna a bayan rumfa ina fasa ruɓaɓɓen barkono ɗaya bayan ɗaya, yaji yana cin hannuna, ina jiyo muryar Yaya a layi yana koya wa mutane dogaro ga Allah. Abin da na tara bai cika gwangwanin madara ba. Na ƙulle a leda na ba wani direba.

Ta shuka shi da lalube, ƙanwata tana riƙe da hannunta. Ba ta kai ga tsinkarsa ba. Kafin kaka ciwo ya kwantar da ita, aka kira ni na hau mota. Da na shiga ɗakin na yi sallama, ta juyo da kai wajen muryata, idanun duka biyu sun yi fari. Ta ce in matso. Ta sa tafin hannu ta shafa goshina, ta shafa kumatuna, ta ce na rame, ko ba na cin abinci ne a can.