Irin Doyar da Baba Ya Ci

Da idon Baba ya yi rauni, ni aka ɗora wa karatu. Kullum bayan la'asar nakan zauna a ƙofar ɗakinsa, a gidanmu na Unguwar Kanawa, in buɗe masa wani littafin labarin yaƙi. Baba tsohon soja ne, ya yi yaƙin basasa tun gemu bai fito masa ba, don haka marubucin bai ji da daɗi ba.

"Ƙarya ne! Wa ya ba shi shayi a bakin daga?"

Dariya nake sha, har ranar da muka zo inda sojan littafin ya nemi gafara aka yafe masa. Sai Baba ya ce shi ma yunwa ta taɓa kai shi wani ƙauye, ya gasa irin doyar da wata tsohuwa ta ɓoye don shuka, tana tsaye tana kallonsa. Ko sunan ƙauyen bai sani ba. Ga shi bana zai tafi aikin Hajji, ya bi dangi gida gida neman yafiya, ita kuwa ina zai gan ta? Tausayinsa ya kama ni.

Washegari ya sa babbar riga, ya ɗora mini doya a ka, muka nufi Malali wurin Madam, wata dattijuwa 'yar ƙabilar Ibo da muke sayen manja a shagonta. Ni dai kunya kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ya durƙusa da ƙyar ya zayyana mata komai. Madam ta juya doyar, ta yi tsaki.

"Baba Soja, an cuce ka a kasuwa. Wannan ko akuya ba ta ci."

Na tuntsire da dariya, Baba ya harare ni. Sai na ga idonta ya ciko.

"Ba uwata ba ce waccan," in ji ta. "Amma mu ma an cinye namu. Har uwata ta mutu tana cewa ko mutum ɗaya bai dawo ya ce a yi haƙuri ba."

Ta kama hannun rigarsa ta ɗaga shi.

"Ka makara ƙwarai. Tashi, na karɓa mata."