Guntun Katako a Murfin Zarto

Nababa kafinta mutumin ƙauyenmu ne, a gabashin Tofa, inda gona ke manne da gona, ba ka gane iyaka sai da layin gamba. Da damina manomi ne kamar kowa: gero, dawa, da ɗan wake a tsakani. Da zarar hatsi ya shiga rumbu sai ya rataya guduma. Ya haura shekara ashirin yana rufin kwano, daga nan har Dawakin Tofa, kuma ba a taɓa jin iska ta yaye rufin da ya buga ba.

Shekarar da ya rufa wa wani ɗan kasuwar Dawanau ɗakunan ajiyar hatsi ya sayi zarton lantarki na hannu, irin mai faifai da ke juyawa, tare da ƙaramin janareto. Shi ne na farko da ya shigo da irinsa ƙauyen. Mutane suka yi ta zuwa kallo, amma abin da ya fi ba su dariya shi ne tsirfar Nababa kafin ya yanka ko da sili ɗaya.

Ba ya taɓa faifan sai ya zare waya daga janareto, ya rataya kanta a kafaɗa inda idonsa ke gani. Sannan ya ɗora tafin injin a kan katakon, ya sassauta maɗaurin zurfi, ya daidaita har sai haƙoran sun leƙo ta ƙasa kamar tsawon ƙwayar wake, ya ɗaure tamau. Yakan ce, "Haƙori ɗaya ya leƙo ya wadatar. Sauran da ke waje nama suke nema." Daga nan sai murfin, wato ƙarfen nan da ke rufe ƙasan faifan, wanda ke ja da baya in ana yanka, ya dawo da kansa in an gama. Zai ja shi da yatsa ya saki. In bai ji ya koma da ƙarar "ƙwas" ba, babu aiki sai ya kakkaɓe garin katakon da ya cushe. Katako kuwa dole a ɗora shi yadda guntun da aka yanke zai faɗi da kansa, don in ya matse faifan, injin harbi yake yi da baya kamar jaki. Shi ya sa Nababa ke tsayawa a gefe, hannu biyu a kan mariƙi, kuma babbar riga ba ta zuwa wurin aikinsa.

Abokin aikinsa Abdulkabir ne. Tare suka taso, shekara biyu ce tsakaninsu, kuma Nababa da kansa ya tsaya aka ba shi auren ƙanwarsa Aina'u. Abdulkabir gwani ne, hannunsa ya fi na Nababa sauri, amma ba shi da haƙuri. Murfin nan yana ba shi haushi, musamman in ana yankan karkace, inda yakan ɗan maƙale a bakin katako. Wata rana Nababa ya same shi ya ja murfin sama ya soka guntun katako ya tokare shi, faifan tsirara. Ya zare waya, ya zare guntun, ya ce, "Abdulkabir, in ka ƙara yi mini wannan, mun raba aiki."

"Wallahi Yaya, ba zan ƙara ba."

Shekara uku ke nan da suka wuce, gab da faɗuwar damina, Malam Uwaisu mai makarantar Islamiyya ya ba su rufin sabon aji. A rana ta huɗu aka yi rasuwa a ƙauyen maƙwabta, Nababa ya tafi jana'iza da safe, ya bar Abdulkabir yana yanke bakin katakan rufi. Nababa ya dawo bayan azahar, hadari ya fara haɗowa daga gabas. Ya hau sama, ya ga katako ɗaya ya zarce sauran da kamar taƙi guda. Ya leƙo ƙasa.

"Miƙo mini zarton. Lafiya yake? Murfin yana dawowa?"

"Lafiya lau, Yaya. Yanzu na ajiye shi."

Nababa ya karɓa ta mariƙi, idonsa na kan layin da ya ja da fensir. Bai juya injin ya duba ba. Ya yanke, ya saki makunni, ya ajiye shi a kan falankin da yake tsaye. Faifan bai gama juyawa ba, kuma murfin a tokare yake. Haƙoran suka kama falankin, injin ya taho da baya, ya bi ta kan ƙafarsa ta dama.

Abdulkabir ne ya goyo shi ya sauko da shi, ya ɗaure ƙafar da rigarsa, yana kuka yana salati. Daga asibitin Tofa aka tura su birni. Yatsu biyu suka tafi, jijiya ta taɓu. Kwana goma sha tara Nababa ya yi a gado. Matarsa Maimunat na jinya, Aina'u kuma tana zuwa duk bayan kwana biyu da kunun gyaɗa da farfesu. Nababa bai faɗa wa kowa cewa Abdulkabir ne ya tokare murfin ba. A ransa ya riga ya yanke cewa ƙaddara ce, kuma shi ma da nasa laifin: bai duba ba, bai jira faifai ya tsaya ba. Yana jiran Abdulkabir ya zo su yi maganar su biyu, a wuce wurin.

Bayan ya dawo gida, Malam Uwaisu ya zo duba shi a zaure. Suka gaisa, ya yi masa addu'a, sannan ya ce a hankali, "Amma Nababa, ka ba ni mamaki. Kai da kake hana wasu, me ya kai ka tokare murfin da hannunka? Ai da ruwan ya sauka ya jiƙa katako, rana za ta busar."

Nababa ya ɗago. "Allah gafarta Malam, wa ya ce ni na tokare?"

"Abdulkabir mana. Ya ce har roƙonka ya yi, ka ce hadari ya taso. Ya ce da ma idonka ya fara rauni, kana ɓoyewa. Duk gari an sani."

Nababa ya dubi bandejin ƙafarsa. Sai ya ce, "Allah ya kyauta." Malam Uwaisu ya ɗauka kunya ce ta hana shi magana.

Da la'asar Nababa ya aika aka kira Abdulkabir. Ya shigo ya durƙusa nesa da tabarma.

"Ni na tokare murfin?"

Abdulkabir ya juya fuskarsa wajen ƙofa.

"Tambayarka nake yi."

"Yaya, tsoro ne. Mutane sun taru suna tambayata, maganar ta fita. In na ce ni ne, wa zai ƙara kirana aiki? Kai sunanka ya riga ya kafu, ba abin da zai taɓa shi."

"To idon fa? Shi ma tsoro ne ya sa ka ƙara da shi?"

Abdulkabir ya sunkuyar da kai.

Nababa ya ce, "Ƙafa na yafe maka tun muna cikin mota a hanyar asibiti. Amma ka je ka gaya wa Malam Uwaisu gaskiya. Shi kaɗai. Ba na neman ka tsaya a masallaci."

"Ranar Juma'a zan je, in Allah ya yarda."

Juma'a ta zo ta wuce, wata ma ta wuce. Abdulkabir ya ƙarasa rufin ajin. Masu gini da suka saba sallama a ƙofar Nababa suka koma ƙofarsa, don ba mai son ba da rufi ga wanda aka ce ba ya gani. Maimunat ta ce za ta shiga gida gida ta faɗi abin da ya faru. Nababa ya hana ta, ya ce Aina'u na da 'ya'ya biyar a gidan Abdulkabir, kuma ita ba ta san komai ba.

Nan ma ya yi kuskure. Bayan kaka Aina'u ta zo, ta zauna a bakin ƙofar ɗakinsa tana murza gefen mayafi, ta ce, "Yaya, tun ranar ya gaya mini. Na ce masa ya yi shiru."

"Tun ranar?"

"Eh."

"Duk zuwan da kika yi asibiti, kin sani?"

Ta fashe da kuka. Nababa bai tsawata mata ba, bai kuma lallashe ta ba. Ya jawo sandarsa ya fita gona, ya zauna a ƙarƙashin ɗorawa har aka kira magariba. Maimunat ta ce ko ranar da aka cire masa yatsu ba ta ga fuskarsa haka ba.

Gaskiyar ta fito da kanta a bara. Abdulkabir ya sayi nasa zarton, kuma wata rana Malam Uwaisu ya bi ta inda yake aiki, ya ga murfin a ɗage da guntun katako a soke. Ya tsaya ya kalla, ya wuce kai tsaye gidan Nababa ya nemi gafararsa. Nababa ya ce babu komai. Amma ƙafar ba ta iya hawa tsani, masu gini kuma sun riga sun saba da wata ƙofar.

Yanzu a ƙasa yake aiki, a rumfar ƙofar gidansa: ƙofofi, tagogi, bencin makaranta. Yana gaisawa da Abdulkabir in sun haɗu a masallaci, gaisuwar da ba ta wuce "lafiya lau". Da aka sa ranar auren Asama'u, babbar 'yar Aina'u, ya yi sati uku yana haɗa mata gado da kabad na katakon maɗaci, ya goge su har suna ɗaukar ido. Ya sa aka kai a amalanke ana gobe ɗaurin aure. Washegari ya je ya tsaya a sahun baya, aka shafa fatiha, ya juyo gida kafin a fito da abinci.